Ranar da Ɗahiru ya ara wa bebaye baki

A Gidan Amumune, in ka ji dattawa biyu suna zagin juna a bakin kasuwa jama'a na riƙe ciki don dariya, ba sai ka waiwaya ba. Ɗahiru tela ne da Mamudu mai awon hatsi. Taubasai ne: uwar Ɗahiru da uban Mamudu ciki ɗaya suka fito, saboda haka tun suna yawo ba wando aka halatta musu cin mutuncin juna. Mamudu na kiran Ɗahiru Tsinke saboda ramarsa, Ɗahiru na kiransa Tumbi saboda abin da kowa ke gani. Yau wannan ya ɗauke wa wancan hula a ƙofar masallaci, gobe wancan ya kwance wa wannan jaki ya ɓoye, sai an fanshe shi da goro. Ƙa'idar guda ce, kuma har yara sun san ta: duk abin da taubashi ya yi maka ba ka fushi. Wanda ya ɓata rai shi ya faɗi, gari zai shekara yana yi masa dariya.

To, akwai wasa ɗaya da Ɗahiru ya yi wanda ba a yi dariyarsa ba, domin ba wanda ya san shi ya yi.

Shekara uku ke nan. Saura kwana huɗu layya, ya bi ta bayan gidan Mamudu da hantsi ya tarar ba kowa, sai ragon da aka yi wata bakwai ana ɗura wa dusa da harawa. Shaiɗan ya ce masa ga dama. Ya kwance shi, ya ja shi har gonarsa, ya ɗaure a gindin wata aduwa. Nufinsa Tumbi ya kwana ɗaya yana zufa, da safe a maido masa kayansa a tsakiyar jama'a a sha dariya. Da ya koma washegari, igiya ta naɗe wuyan rago, ya shaƙe, har ya fara kumbura. Ɗahiru ya haƙa rami ya binne shi.

Kafin ya iso gari maganar ɓatan rago ta riga shi. Wani ya ce ya ga Auta, ɗan Mamudu, saurayi mai shekara ashirin da biyu, da sabuwar salula a kasuwar Mayahi. Mamudu kuwa mutum ne mai saurin hannu. Ya mari ɗansa a ƙofar gida gaban maƙwabta, ya kira shi ɓarawo, ya ce kada ƙafarsa ta ƙara taka masa zaure. Ɗahiru yana tsaye a wurin, ƙasar ramin tana nan a ƙarƙashin faratansa. Ya ce wa kansa bari zuciya ta huce, gobe sai ya faɗa. Goben ta zo ta tarar Auta ya hau kamyon, babbar motar kaya mai zuwa Agadas. Sau ɗaya ya kira uwarsa Hajara daga wajen masu haƙar zinariya, daga nan shiru.

Abin da bai faɗu ba a kwana ɗaya, a wata ɗaya ya ƙara nauyi, a shekara kuwa ya fi ƙarfin bakinsa. Ya ci gaba da kiran Tumbi Tumbi, don in ya daina za a tambayi dalili. Ya ci gaba da zama a zauren Mamudu yana cin tuwon Hajara. Kunya ce ke cinsa, irin wadda ba ta barin mutum ya ji daɗin ko fura mai sanyi, amma ba ta kai ta sa shi buɗe baki ba. Matsoraci ne, kuma ya san haka.

Ana nan, wata Laraba bayan an gama noma na biyu, Malam Iliyasu diraktan lekol, wato shugaban makarantar boko, ya jingina babur ɗinsa a ƙofar shagon Ɗahiru.

"Baba Ɗahiru, sana'arka ta da na zo nema."

Sana'ar da yake nufi ta daɗe da mutuwa. Da ƙuruciya Ɗahiru ya yi shekara goma sha ɗaya a Tasawa, a wani gidan kallo, yana tsayawa gefen akwatin talabijin yana fassara wa mutane fina-finan Indiya da na ƴan Sin. Ba ya jin ko kalma ɗaya ta harshensu, kuma wannan bai taɓa damunsa ba. Fuska yake karantawa. Ya yi muryar sarauniya, ya yi ta ɗan daba, ya yi kukan tsohuwa har mata su share hawaye. Dabararsa da ta fi jawo jama'a ita ce sa wa mutanen fim sunayen waɗanda ke zaune a ɗakin, kowa ya ji an taɓa maƙwabcinsa. Da aka fara kawo fina-finai da fassararsu a ciki, sai aka ce masa an gode, ya dawo gida ya rungumi keken ɗinki.

Malam Iliyasu ya ce wani abokinsa a Maraɗi ya ba shi aron majigi da wani fim da ya haura shekara ɗari, tun zamanin da na'ura ba ta iya kama murya ba. Mutane na motsa baki, ba ka jin komai. Can ba ka rasa rubutu ya fito a baƙin allo, amma ba Faransanci ba ne, shi kansa bai gane ko harafi ba.

"Bon, in babu mai yi musu baki, ai bebaye za mu tara mutane su kalla."

Ɗahiru ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa wanda ya zaci ya mutu. Ya gyara zama ya ce, "Sai na gan shi tukuna. Ban taɓa yi ma fim baki ban kalle shi ba."

Malam Iliyasu ya sosa ƙeya. Batirin lekol ya tsufa, in fano, faifan nan mai kama hasken rana, ya cika shi yini guda, kallo ɗaya yake ɗauka, ranar Juma'a kuma za a mai da majigin. Da Ɗahiru ya tsaya kan ƙa'idarsa da ba a yi wannan labari ba. Amma mutum ne da ya yi shekara ashirin ba a tafa masa ba. Ya ce ba komai, bebe ai ya fi mai magana sauƙin fassara.

Ranar Alhamis bayan la'asar aka toshe tagogin babban aji da tabarmi, aka rataya farin zanen gado a kan allo. Maza a gaba kan benci, mata a baya, zafi kamar a gasa gurasa, amma ba wanda ya fita. Mamudu ya zo da babbar rigarsa ya cinye wurin mutum biyu a layin farko.

"Tsinke, in ka yi muna ƙarya yau, ni za ni tona ka."

"Kai dai riƙe tumbinka kak ka tare ma mata haske."

Hoto ya fito, fari da baƙi, yana rawa yana ɗige-ɗige. Turawa ne cikin manyan riguna, suna tafiya da sauri-sauri kamar kaji, idanunsu shafe da kwalli, maza da mata. In ɗaya zai yi mamaki sai ya ware ido ya ɗaga hannu biyu sama, in zai yi baƙin ciki ya dafe ƙirji ya karkace. Tun kafin Ɗahiru ya ce uffan aka fara dariya. Sai ga wani tsoho mai kanti, ƙato, da gemu da ciki, yana ciro agogon zinariya mai sarƙa daga aljihu yana gogewa yana hura masa iska.

Me Ɗahiru zai jira? Ya nuna shi da sanda.

"Jama'a, ga Mamudu lokacin da shina Turai. Kun gani, tun can tumbin ya riga shi shiga ɗaki."

Aji ya ɗauka. Mamudu ya fi kowa dariya, yana bugun cinya. Da wani siririn mutum mai doguwar hula ya shigo kantin ya rungumi tsohon, ya ja kujera aka zuba masa shayi, Mamudu ya miƙe tsaye don ramuwa.

"To ga Tsinke nan ya zo cin banza! Ku dubi ƙahwahun, wallahi Ɗahiru ne!"

"Na yarda, ni ne," in ji Ɗahiru, ya siranta murya ya shiga roƙon ƙarin sukari. Bakinsa ya dawo masa kamar jiya ya ajiye shi. Har ya manta da kansa.

Sai tsohon ya yi gyangyaɗi a kujera. Siririn ya dubi hagu, ya dubi dama, ya miƙa dogayen yatsu ya zare agogon ya jefa a hularsa.

"Ɗahiru ɓarawo!" wani ya yi ihu daga baya, aka bushe da dariya. Ɗahiru ma ya yi, amma tasa ba ta kai zuci ba. Ya daɗe a wannan sana'a, ya san inda irin wannan hanya take zuwa. Tun farkon fim an nuna wani saurayi, ɗan tsohon, yana share kanti. Ba don ado aka sa shi ba.

Haka kuwa aka yi. Tsohon ya farka ya laluba aljihu, ya yi ta juya kanti, ya tsaya a kan ɗansa. Saurayin ya durƙusa yana girgiza kai, uwar ta riƙe rigar mijinta tana ja. Tsohon ya ɗaga hannu ya kwaɗa masa mari, ya buɗe ƙofa, ya nuna waje da yatsa. A waje ƙanƙara na zuba fari fat. Siririn kuwa yana tsaye a lungu, hula a kai, yana kallo.

Ɗahiru bai sa wa saurayin suna ba. "Yaron" kawai yake cewa. Amma wa zai ruɗa? Shi da bakinsa ya sa wa uban yaron suna Mamudu, kuma babu mai rai a ajin nan da bai san abin da ya faru a ƙofar gidan Mamudu ba. Dariya ta ɗauke. Ba ka jin komai sai ƙugin majigi da wata jaririya da ke tsotso. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka saci kallon layin farko.

Mamudu bai motsa ba. Ba shi da ikon motsawa. In ya tashi ya fita, an ce ya yi fushi da wasan taubashi. Ya zauna da sauran murmushin ɗazu a fuskarsa, ya bushe a wurin, zufa na bin gemunsa. Ɗahiru ya so ya canza sunan, ya ce a'a, wannan wani ne, amma ba a canza wa mutum suna a tsakiyar fim. Ya ci gaba, yana sa kalmomi a bakin tsohon, kuma duk yadda ya yi ya kauce, kalmomin da ya ji da kunnensa ran nan su ne suke zuwa.

Fim ya yi ta jan rai yadda irinsu suka saba. Saurayin ya yi bara a bakin titi, ya faɗi a cikin ƙanƙara. Uwar ta suma sau biyu. Tsohon ya rame, kanti ya rufe, kullum yana zaune bakin taga da hular ɗansa a cinya. Siririn kuma ya kasa barci, ya ciro agogon ya duba, ya mayar, ya cije hannu, ya ja gashin kansa. Da a wata rana ce da an yi dariyar wannan haukan. Daga ƙarshe ya banko ƙofar tsohon, ya zube a ƙasa, ya kama ƙafafunsa, bakinsa na motsi ba sauti.

Duk ajin ya juyo ga Ɗahiru.

Shekara uku yana shirya wannan magana a kan keken ɗinki, yana warwarewa yana sake ɗinkawa. Yanzu ga ta an ba shi wurin faɗi, da sunansa da sunan mai ita, ba tare da ta ci shi ba. Ya buɗe baki ta fito da kanta.

"Mamudu, ni ne. Ni na ɗauka. Yaron nan bai taɓa maka ko allura ba. Ina tsaye ka mare shi, ina tsaye yat tahi, na yi shiru don ina jin kunyar a ce ni ne. Na ci abincinka, na sha ruwan gidanka, ina dubin idon uwarshi. Ban cancanci ka yahe mani ba. Ka taka ni, ka tohe ni da miyau, amma ka san ɗanka ba ɓarawo ba ne."

Muryarsa ta karye a ƙarshe. Mata suka fashe da kuka a baya. Wani tsoho ya ce, "Kai, Ɗahiru, Allah ya yi maka baki." Ana cikin haka majigi ya yi ƙyaf-ƙyaf, zanen ya koma fari. Batir ya ƙare.

Aka yi ca. Malam Iliyasu ya taɓa wannan waya ya taɓa waccan, ya ɗaga hannu ya ce sai haƙuri. Jama'a suka ce ba su san zance ba, Ɗahiru ya ƙarasa musu da ka, ai shi ya san yadda ake ƙarewa. Cikin hayaniyar sai wata murya ta fito daga layin farko, a hankali, ba irin wadda aka saba ji daga mai ita ba.

"Tsinke. Yaron ya komo?"

Ɗahiru ya dubi farin zanen. Bai san ƙarshen fim ɗin ba, kamar yadda ba wanda ya sani.

"Ya komo," ya ce. "Uban ya bi shi ya samo shi. Sun komo gida tare."

Aka yi kabbara, aka tafa, aka yaye tabarmi haske ya shigo. Mutane suka yi ta kama hannunsa. Wata tsohuwa ta ce tun rasuwar mijinta ba ta yi kuka mai daɗi irin na yau ba. Kowane yabo sai ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya yi wa mutumin da ya cuta iƙirari a gaban gari duka, an biya shi da tafi. Ya rasa wanda ya fi muni, shirun da ya yi shekara uku ko maganar da ya yi yau.

Ya zame ta bayan aji zai bi ta cikin gero ya gudu, sai ya ji takun mai nauyi a bayansa.

"Tsaya mana, ɗan banza. Ka kashe ni yau ka gudu?"

Suka jera a kan ƴar hanyar yashi, gero ya fi su tsayi hagu da dama, rana ta yi ja. Mamudu ya yi ta share fuska da hannun riga. Ya yi dariya guntuwa, ya ce Turawan da ma ashe suna da zuciya. Sa'an nan ya ce,

"Ka san mi na yanke ina zaune can? In an yi girbi zan sai da bijimina in tahi Agadas. Daga nan in bi masu zinariya rami-rami har in gane shi. Rago ne fa, Tsinke. Rago! Ya ɗauka, to ya ɗauka, ƙuruciya ce. In na same shi ce mishi zan yi, Auta, satar da ka yi mani na yahe, taho mu tahi gida."

Ɗahiru ya tsaya cak. Ya ga abin a idonsa sarai: wannan ƙaton mutum ya sayar da bijiminsa, ya ratsa hamada, ya sami ɗansa in yana da rai, ya buɗe baki da niyyar alheri ya sake kiransa ɓarawo.

"Mamudu."

Jin sunansa na yanka daga wannan baki ya sa Mamudu ya waiwayo.

"Auta bai ɗauki ragonka ba. Ni na kwance shi. Wasa na so in yi maka, in maido shi da sahe. Na ɗaure shi ga aduwar gonata, igiya ta shaƙe shi. Ramin na nan, in kana so in nuna maka."

Babu muryar tsohuwa, babu ta sarauniya. Da ƙyar ma maganar ta fito, ba daɗin ji.

Mamudu ya dube shi. Sai ya yi dariya, ya kai masa dukan wasa a kafaɗa.

"Kai dai ba ka gajiya. An gama silima, Tsinke."

Ɗahiru bai ɗaga kai ba.

Dariyar ta ragu, ta tsaya. Mamudu ya kama shi da hannu biyu, ba da ƙarfi ba, kamar mai neman abin dafawa.

"Ce wasa ne. Ɗahiru, don Allah ce wasa kake. Ka san ba ni hushi da kai. Ce wasa ne in yi dariya mu wuce."

Da zai iya da ya ce. Kalma biyu ce, kuma Mamudu da kansa ke roƙonta. Amma ya girgiza kai, hawaye na ɗiga a yashi.

Mamudu ya sake shi. Ya daɗe yana duban tafin hannunsa na dama, yana juya shi. Bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba, kuma Ɗahiru ya so a ce ya yi. Can ya juya ya kama hanya, ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Biyo ni."

Ya bi shi a baya kamar akuyar da za a kai kasuwa. Suka wuce rijiya, suka wuce masu dawowa daga kallo suna ta yi wa Ɗahiru kirari, suka shiga zauren Mamudu har tsakar gida. Hajara na bakin murhu tana tuƙa tuwo. Ba ta je kallon ba, tun tafiyar Auta ba ta zuwa taro. Da ta ga baƙo ta saki muciya, ta gyara lulluɓi, fuskarta ta washe, ta kira Ɗahiru da sunan ƴarsa yadda ta saba.

"Lale da Baban Sakina. Yanzu mata ke ba ni labari, sun ce yau ka sa gari kuka." Ta ɗebo ruwa a randa ta durƙusa ta miƙa masa. "Sha, maƙogwaro ya bushe. Tuwo ya kusa, ba ka tahiya sai ka ci."

Ɗahiru ya karɓi kwanon da hannu biyu. Mamudu ya jawo turmi ya zauna, ya dubi matarsa, ya dubi taubashinsa.

"Hajara, bar tuwon nan ki zamna. Shekara ukku ina hana ki ambaton sunan ɗanki cikin gidan ga." Ya nuna Ɗahiru da haɓa. "Hwaɗa mata. Kai ne mai baki."